Rabeh da Daular Borno: Rundunar da ta ci ƙasa, ta kasa zama a cikinta

Idan ana lissafa mazajen da suka yi wa Turawan mulkin mallaka tirjiya a wannan yanki namu, da wuya a tashi ba a ambaci Rabeh ba. Akan jera shi da Samori Ture da Sarkin Musulmi Attahiru, a ce ga waɗanda suka ƙi sunkuyar da kai. Masu faɗin haka suna da hujja, tun da a fagen daga ya mutu, kuma rundunar Faransa ce ta kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Amma je ka Borno ka ambaci sunansa a gaban dattijon da ya ji labari daga bakin kakanni, ka ga yadda fuska za ta sauya. A can Rabeh shi ne baƙon da ya ƙone Kukawa, ya kashe Shehu, ya mayar da 'ya'ya bayi. Har lissafin zamaninsa suka riƙe, sukan ce shekara bakwai da wata bakwai da kwana bakwai.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma musun ba zai ƙare ba muddin halin mutumin kaɗai ake aunawa. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne rundunar da ya taho da ita: yadda aka gina ta, abin da take ci, da abin da ba ta iya rayuwa sai da shi. A nan ne amsar take, ta yadda baƙo mai 'yan bindiga dubu kaɗan ya kifar da daular da tushenta ya kai shekara dubu, da kuma yadda tasa daular ba ta ko cika shekara takwas ba.

Asalin abin daga kudancin Sudan yake. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Hartum suka kutsa yankin Bahrul Gazal neman hauren giwa. Kowane attajiri yakan kafa zariba, sansani mai shingen ƙaya da itace, ya zuba 'yan bindiga a ciki. Haure yana buƙatar 'yan dako, su kuma 'yan dako ba da son ransu suke zuwa ba, sai kamun mutane ya zama rabin sana'ar, daga baya ya zama mafi tsokarta. Cikin samarin da aka kamo akan ware ƙarfafa a koya musu harbi, su zama dakarun ubangidansu. Su ne ake kira bazingir. Yaron da aka raba da garinsu tun bai mallaki hankalinsa ba, ba shi da uwa ba shi da uba sai tutar da yake ƙarƙashinta. Cinsa da suturarsa da matar da zai aura duk daga ganima suke fitowa. Irin wannan soja ba ya cewa damina ta faɗi zai koma gona.

Lissafin sana'ar mai sauƙi ne, kuma mummuna. Bindiga ta kamo mutum da haure, a miƙa wa fatake a karɓi albarushi da harsashi da ƙarin bindigogi, a sake fita. Matuƙar akwai ƙasar da ba a taɓa ba a gaba, akwai kuma falke mai kawo albarushi a baya, abin sai bunƙasa yake yi. Ɗaya daga cikin biyun ya yanke, komai ya tsaya cak.

Uban tafiyar wannan harka shi ne Zubairu Rahma Mansur, wanda ƙarfinsa ya kai har gwamnatin Masar ta ga gara ta naɗa shi gwamnan Bahrul Gazal da ta yi ta fama da shi. A hannunsa Rabeh ya goge. An haife shi wajen 1842 a Halfaya, kusa da Hartum, ya taɓa aikin soja ƙarƙashin Masar, sannan ya shiga rundunar Zubairu ya yi ta hawa har ya zama cikin manyan sarakunan yaƙinsa. Da shi aka ci daular Darfur a 1874. Nasarar nan ce ma ta jawo wa Zubairu tsiya, domin da ya tafi Alƙahira neman a tabbatar masa da ƙasar da ya ci, sai mai mulkin Masar, Isma'il Basha, ya riƙe shi ya hana shi komawa. Ɗansa Sulaimanu ya yi tawaye. Gordon, Baturen Ingilan da ke gwamnan Sudan a lokacin, ya tura masa wani hafsa ɗan Italiya mai suna Romolo Gessi. A 1879 aka ƙure Sulaimanu, aka yi masa tayin ya ajiye makami a bar shi da ransa. Rabeh ya ce shi kam bai yarda da wannan alkawari ba. Ya ja mutanensa, tsakanin 700 zuwa 800, da bindigogi kimanin 400, ya nausa yamma. Sulaimanu ya miƙa wuya, ba a ɗau lokaci ba aka harbe shi tare da manyan mutanensa. Duk wanda ya yi mamakin taurin kan da Rabeh ya riƙa nuna wa Turawa daga baya, ya tuna da wannan.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana yawo da rundunarsa a ƙasashen da yau suke gabashi da arewacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Cadi: ƙasar Banda, Dar Runga, Dar Kuti, har ƙasar Sara. Masu ba da tarihi sukan tsallake wannan zango da sauri, saboda mutanen da abin ya faɗa wa ba su da fada, ba su da marubuta. Amma a kansu aka gina rundunar da ta ci Borno. 'Ya'yansu ne suka cika sahun bazingir, su kuma aka sayar aka sayi bindigogin.

A tsakiyar wannan yawo Mahadi Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan, ya ci Hartum a 1885. Rabeh ya karɓi tutar Mahadiyya, dakarunsa suka sa riga mai faci-faci irin ta almajiran Mahadi. An kira shi Omdurman, ya ƙi zuwa. Tutar ta yi masa amfani, ta ba wa taron mutanen da ba su haɗa yare ko asali ba abin da za su taru a kansa, amma bai taɓa yarda wani ya ba shi umarni da sunanta ba. A 1890 ya tuɓe sarkin Dar Kuti ya ɗora Muhammad Sanusi, ya kuma ƙulla surukuta da shi ta hanyar aurar wa ɗansa Fadlallah 'yar Sanusin. Shekara guda bayan haka mutanen Sanusi suka kashe wani Bafaranshe mai bincike, Paul Crampel, makaman ayarinsa na zamani suka ƙare a hannun Rabeh. Daga nan ya fuskanci Bagarmi, ya yi wa Sarki Abdurrahman Gwaranga ƙawanya ta watanni a Manjafa, a 1893 ƙasar ta faɗi, Gwaranga ya sha da ƙyar.

A wannan gaɓa ce labarin ya taɓo gidan Shehu Usmanu. Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Muhammadu Bello ya bar Sakkwato ya kafa zama a Balda, cikin ƙasar Adamawa, a Kamaru ta yau. Ya yi mubaya'a ga Mahadi ta wasiƙa, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma, abin da ya haɗa shi faɗa da Lamiɗon Adamawa da fadar Sakkwato. Hayatu yana da asali da ilimi da mabiya, ba shi da runduna. Rabeh yana da runduna, ba shi da asalin da za a saurare shi a yammacin Tafkin Cadi. Suka haɗa kai, Hayatu ya auri Hauwa 'yar Rabeh. Burin Hayatu shi ne a bi ta Borno a wuce Sakkwato. Shi kuwa surukin nasa Borno ɗin yake so.

To, wace Borno suka tarar? Sunan yana nan da kwarjininsa, amma gara ta riga ta cinye ginshiƙan ɗakin. Zuriyar Shehu Laminu, wanda ya kafa Kukawa a 1814, su ke mulki tun da aka kawar da tsohon gidan sarauta na Saifawa a 1846. Bayan rasuwar Shehu Umar a 1881 sai sarauta ta shiga 'yar karɓa-karɓa tsakanin 'ya'yansa: Bukar, Ibrahim, sannan Hashimi a 1885, kowanne da 'yan fadarsa da masu jin haushinsa. Kasuwar bayi ta Tarabulus tana mutuwa, kuɗin shiga ya ragu, fada kuwa ba ta rage kashe kuɗi ba. A zamanin Shehu Bukar aka ɗora wa talakawa harajin da Barebari suke kira kumoreji, wanda a cikinsa hukuma ta karɓe rabin dukiyar mutum. Damagaram, wadda da take kai gaisuwa Kukawa, ta zama mai cin gashin kanta tun zamanin Sarki Tanimu, har igwa ake ƙerawa a birninta. Sai kuma annobar shanu ta farkon shekarun 1890 ta share garkuna. Talakan da aka raba shi da rabin abin hannunsa, sannan ciwo ya kashe sauran, ba shi ne zai ba da ransa don kare Kukawa ba. Da yawa cikin Larabawan Shuwa ma Rabeh suka bi.

Ta fuskar yaƙi kuma, Borno tana da bindigogi. Ko a 1870 sai da Nachtigal, wani matafiyi Bajamushe, ya kawo wa Shehu Umar wasu na zamani cikin kyautar da sarkin Furusiya ya aiko. Abin da ba ta da shi shi ne rundunar da ta san yadda ake aiki da su a tare. Tsarinta na gargajiya ne: a buga tambari, kowane basarake da kacalla ya taho da barade da dakarunsa, dawaki cikin lifidi, a yi sukuwa ɗaya mai ƙarfi a tarwatsa abokan gaba, a kwashi ganima a koma gida. Rabeh kuwa ya kasa mutanensa tuta-tuta, kowace tuta da shugabanta da yawan bindigoginta, ana yi musu atisaye irin na sojan Masar, da ƙaho da ganga. Sun san tsayawa a sahu, su jira sai doki ya matso, su saki wuta lokaci guda. Lifidi yana tare kibiya da mashi, ba ya tare harsashi.

Haka aka yi a 1893. Rundunar farko da Shehu Hashimi ya tura ƙarƙashin Mamman Tahir ta kwashi kashinta a hannu. Ta biyu, wadda Shehun ya fita da kansa, ita ma aka watsa ta. Hashimi ya gudu arewa ya haye kogin Yobe, Rabeh ya shiga Kukawa, birnin da matafiya Turawa suka ƙiyasta mutanensa sun kai dubu hamsin zuwa sittin, aka wawashe shi aka cinna masa wuta. Ɗan ɗan'uwan Hashimi, Kyari, ya karɓe sarauta, aka kashe Hashimin, shi kuma ya tara abin da ya rage don a yi ta ta ƙare.

Karon da aka yi a Gashegar a farkon 1894 shi ne ya fi nuna bambancin rundunonin biyu, domin a ranar farko Kyari ne ya yi nasara. Barebari suka kora mutanen Rabeh, suka shiga sansaninsu. Sai kowa ya hau ɗibar ganima, sahu ya watse, a ganinsu yaƙi ya ƙare. A ɗaya ɓangaren kuma, kamar yadda aka ruwaito, Rabeh ya tara shugabannin tutocinsa da suka ja da baya, ya sa aka kwantar da su a gaban dakarunsu aka tsula wa kowanne bulala ɗari, har da ɗan cikinsa Fadlallah. Mutum ɗaya aka ɗaga wa ƙafa, Abubakar, don shi bai gudu ba. Sannan ya ce a koma. Mutanen da bayansu ke zubar da jini suka ja tutocinsu suka auka wa rundunar da hannuwanta ke cike da kayan ganima. Kyari ya ƙi gudu, aka kama shi da rauni, aka kashe shi. Sarkin da zai iya yi wa manyan sarakunan yaƙinsa bulala a bainar jama'a, su tashi su koma fagen fama dominsa, yana riƙe da wani abu da babu Shehun da ya taɓa riƙewa. A Kukawa, basaraken da aka yi wa haka sai dai ya kwashe mutanensa ya koma wajen abokin gaba.

Rabeh bai zauna a Kukawa ba. Ya koma Dikwa, kudu da tafki, ya gina gidan mulki mai kauri wanda har yau yana cikin wuraren tarihi na Nijeriya. Kuma a yi masa adalci, ya yi ƙoƙarin mulki. Bai rushe tsarin Borno na rarraba ƙasa ga masu karɓar haraji ba, sai dai ya ɗora shugabannin tutocinsa a saman tsarin, ƙananan masu sarauta na gida suka ci gaba da aiki a ƙarƙashinsu. Ya tsara haraji, ya kafa baitulmali, ya naɗa alƙalai. Wasu 'ya'yan gidan Shehu ma a Dikwa suka zauna ƙarƙashin idonsa. Emile Gentil, Bafaranshen da ya yaƙe shi, ya yaba tsarin a rubuce, har ya ɗauki wani abu daga ciki lokacin da yake shimfiɗa mulkin Faransa a Cadi. Yabon ɗan mulkin mallaka ga tsarin tatsar haraji dai, kowa ya san inda ya dosa.

Matsalar ita ce rundunar ba ta sauya hali don ta sami gida ba. Dubban mutanen da ba sa noma dole a ciyar da su, ga iyalansu da barorinsu, a ƙasar da yaƙi ya riga ya kore manomanta. Da can idan yanki ya ƙare sai a yi gaba. Yanzu kuwa yankin da ake tatsa shi ne gidan, don haka kowace shekara sai an fita: Mandara, Bade, kudancin tafki. Talakawa sun yi bore ƙarƙashin wani malami da ake kira Abu Gantur, har suka taɓa cin wata rundunar Rabeh kafin a murƙushe su.

Sai babbar matsalar, albarushi. Bindigar gargajiya mai ɗurawa ta baki tana iya aiki da albarushin gida. Ta zamani kuwa harsashinta daga masana'anta yake fitowa, kuma sai an sayo. Daga ina? Hanyar Tarabulus zuwa Kukawa ta Bilma, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki, shi da kansa ya kashe ta ranar da ya ƙone Kukawa, fataken Larabawa suka yi asarar dukiya, waɗanda suka tsira suka karkata Kano da Damagaram da Wadai. A gabas Wadai abokiyar gaba ce, ta taɓa karya shi tun yana yawo, kuma ita ke riƙe da hanyar Bangazi tare da 'yan ɗariƙar Sanusiyya, waɗanda ba su yarda da da'awar Mahadin Sudan ba. A yamma, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ga mutumin da ke ɗauke da tutar Mahadi, ga kuma Hayatu a gefensa, ya umarci sarakunan gabas su toshe hanyar ciniki da shi. Rabeh ya aika wa kamfanin Turawan Ingila da ke kogin Binuwai, Royal Niger Company, neman albarushi a 1895, bai samu biyan buƙata ba. Dama tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Fasa-ƙwauri bai tsaya ba, amma fasa-ƙwauri ba ya ciyar da runduna irin wannan.

Shi ya sa tsoron da aka yi ta yi a ƙasar Hausa bai tabbata ba. Jim kaɗan bayan Kukawa ta faɗi, Kano ta shiga basasar Tukur da Yusufawa, kuma da a ce akwai lokacin da za a iya cin ta, to wannan ne. Rabeh ya kai har Bade, ya girgiza Katagum da maƙwabtanta, amma bai ci ko masarauta ɗaya ta daular Usmaniyya ba. Hayatu ya gane an yi amfani da shi ne kawai. Yana zaune a Dikwa da sunan babban malami, a zahiri kuwa ɗaurin talala ake yi masa. A 1898 ya yi yunƙurin ficewa, Fadlallah ya bi shi da dakaru, aka kashe shi a hanya. Jikan Muhammadu Bello ya mutu a hannun ƙanin matarsa ko wanta, ƙarƙashin tutar da su duka biyun suke ɗauke da ita. Daga ranar duk wata da'awar addini da Rabeh zai yi wa mutanen yamma ta mutu. A shekarar ce kuma Ingilishi suka karya daular Mahadiyya a Omdurman.

Duk wannan abin da ake yi, a Turai an riga an raba ƙasar a takarda. A 1893, shekarar da Rabeh ya shiga Kukawa, Ingila da Jamus suka ja layi daga Yola zuwa Tafkin Cadi. A 1894 Jamus da Faransa suka ja nasu. Kukawa ta faɗa rabon Ingila, Dikwa rabon Jamus, gabashin kogin Shari rabon Faransa. Faransa ce ta fi gaggawa, don tana so ta haɗe Aljeriya da Afirka ta Yamma da Kwango a bakin tafkin. Gentil ya biyo Shari da ƙaramin jirgin ruwa mai tururi a 1897, Gwaranga na Bagarmi, wanda ba shi da sauran abin da zai rasa, ya sa hannu a takardar neman kariyarsu. Wani hafsa, Cazemajou, da aka turo ta yamma don ya sadu da Rabeh, a Damagaram ya gamu da ajalinsa a 1898, domin Sarki Ahmadu Kuren Daga ya ji tsoron kada Bature da Rabeh su haɗe masa kai.

Daga nan Faransa ta turo runduna uku. Ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya ta Azbin, ƙarƙashin Foureau da Lamy. Ɗaya ta taso daga Kwango tare da Gentil. Ta uku ita ce ta Voulet da Chanoine, wadda ƙasar Hausa ba za ta manta da ita ba: ita ce ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni a watan Mayun 1899, ta bar gawarwaki da toka a duk inda ta bi, har shugabanninta suka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, su ma sojojinsu suka harbe su. Ragowar ta ci Damagaram, Joalland da Meynier suka ƙarasa da ita tafki. Waɗannan su ne suka zo da sunan ceto mutane daga zaluncin Rabeh.

Bai tsaya jiran su ba. A Yulin 1899 ya auka wa wani hafsan Faransa, Bretonnet, a duwatsun Togbao, ya kashe shi da kusan duk mutanensa, ya kwashe igwa uku. A Oktoba ya yi kazamin karo da Gentil a Kuno, kowane ɓangare ya ji jiki, Faransawa suka ja da baya. A watan ne kuma aka rataye wani Bafaranshe, Ferdinand de Béhagle, a Dikwa, wanda ya zo da sunan ciniki aka tsare shi. Amma kowace nasara tana cin harsashi da gogaggun mayaƙan da ba shi da inda zai samo madadinsu, su kuwa Faransawa jirgi yana kawo musu.

Rundunonin uku suka haɗu a Kusuri ranar 21 ga Afrilu, 1900. Washegari Lamy ya fita da sojoji kimanin 700, ga kuma 'yan bindiga 600 da mahaya 200 na Bagarmi. Rabeh yana cikin sansani mai shinge a bakin kogi, 'yan kilomitoci daga garin, kuma ba duka rundunarsa ke tare da shi ba. Aka kewaye shi ta fuska uku, aka bar masa ruwa a ta huɗu. Bayan an yi ta ruwan igwa da harsashi, aka fasa shingen. Rabeh ya juyo da mutanensa ya yi kukan kura cikin sansanin, a wannan juyowar ce harsashi ya sami Lamy, raunin da ya kashe shi a ranar. Shi ma Rabeh ya ji rauni, yana ƙoƙarin kaiwa kogi wani sojan Faransa baƙar fata ya harbe shi, ya yanke kansa ya kawo don karɓar lada. Faransawa sun lissafa mutum 28 da suka mutu a ɓangarensu, na Rabeh kuwa fiye da dubu, har da mata da yara na cikin sansanin. Hoton kan nasa ya yi yawo a jaridun Faransa.

A duba waɗanda suka yi yaƙin. Turawan da ke wurin 'yan kaɗan ne. Sauran 'yan Afirka ta Yamma ne da 'yan Aljeriya da ke cikin kakin Faransa, da Bagarmawan da Rabeh ya rusa wa ƙasa. Sannan akwai Umar Sanda Kura, ɗan gidan Shehu, wanda ya tari Foureau da Lamy tun a Janairu suka amince da shi a matsayin Shehun Borno, kuma da sunansa Faransawa suka fake suka shiga yankin da a takarda na Jamus ne. Wannan ne ya sa ni ban gamsu da jera Rabeh da Attahiru ba. Da Attahiru ya bar Sakkwato a 1903, manoma da malamai da mata suka bar gidajensu suka bi shi har Burmi, suka mutu tare da shi. Rabeh kuwa babu talakan Borno da ya tashi dominsa. Jarumi ne, gwanin yaƙi ne, kuma ya yi wa Faransa ɓarnar da ba ta zata ba. Amma rigimarsa da su ta masu neman abu ɗaya ce, kuma shi ne ya jefa sarakunan yankin a hannunsu. Ɗansa ma ya tabbatar da haka. Fadlallah ya ci gaba da yaƙi fiye da shekara, har ya sake ƙwace Dikwa na ɗan lokaci, sannan ya aika wa Ingilishi yana neman su amince da shi sarkin Borno a ƙarƙashin tutarsu. Suna cikin shawara Faransawa suka tsallaka iyaka suka kashe shi a Gujba a watan Agustan 1901.

Kada kuma wannan ya sa a wanke Borno tas. Daular da Rabeh ya rusa ita ma ta yi ɗaruruwan shekaru tana kai hari kudu tana kamo bayi, matafiyi Bajamushe Barth ya bi rundunarta zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851 ya ga abin da idonsa. Abin da ya gigita Barebari shi ne a wannan karon su aka yi wa.

Abin da ya bari yana warwatse a ƙasashe huɗu. A gaɓar da ke fuskantar Kusuri Gentil ya kafa bariki a watan Mayun 1900 ya sa masa sunan Lamy, tsofaffin dakarun Rabeh da bayin da aka saki suna cikin mazaunansa na farko, shi ne garin da aka mayar Njamena a 1973. Da yawa cikin mayaƙansa kakin Faransa suka sa, kuma Larabcin bariki da suke yi, wanda ake kira Turku, ya bazu da su a kudancin Cadi. Surukinsa Sanusi ya ci gaba da kamun bayi daga Ndele, da sanin Faransawa, har sai da suka kashe shi a 1911, kuma yankin yana cikin wurare mafi ƙarancin jama'a a Afirka ta Tsakiya har yau. Sa'idu ɗan Hayatu ya tara mabiya Mahadiyya a Dumbulwa ta ƙasar Fika, Ingilishi suka kama shi a 1923 suka kai shi Kamaru, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1978.

Gidan Shehu kuwa ya dawo, amma a rabe. Faransawa suka ɗora wa Sanda Kura kuɗin aikin da suka ce sun yi masa, riyalin azurfa dubbai, da ya gaza biya musu yadda suke so suka tuɓe shi suka kai shi Kwango, suka naɗa ɗan'uwansa Abubakar Garbai. Kisan Gujba ya farkar da Ingilishi, a 1902 suka turo runduna ta mamaye rabonsu, suka jawo Garbai daga Dikwa zuwa ɓangarensu. Ya gwada farfaɗo da Kukawa abin ya ƙi, a 1907 ya tare a Yarwa, wato Maiduguri. Jamusawa kuma suka riƙe wani ɗan gidan a Dikwa a matsayin nasu Shehun. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Dikwa ta koma riƙon Ingila, aka mayar da fadarta Bama a 1942, kuma sai da ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo Nijeriya sosai. A 2010 gwamnatin jihar Borno ta sake raba masarautar gida biyu, Bama da Dikwa, kowace da nata Shehun daga zuriyar Shehu Laminu.